Yadda ake rage gubar ƙasa da shuka: jema, rama da zurman a filayen Zariya

Duk wanda ya san Zariya ya san irin filayen da nake nufi. Tsohon garejin bakanikai da aka tasa aka yanka fulotai, bayan shagon mai gyaran batir, tsohuwar bola da aka baje aka ce za a yi gida ko islamiyya, gefen marina, sai kuma lambunan bakin Kubanni da kwatocin Sabon Gari da Tudun Wada ke zubowa cikinsa kafin ruwan ya gangara Galma. Ƙasar irin waɗannan wurare tana riƙe abin da aka zuba mata shekara da shekaru, kuma abin da ya fi damuna shi ne ido ba ya gani, kai wani lokacin ma alayyahun da ya fito a kan tsohuwar bola ya fi na kowa kore da faɗin ganye, mai cefane a kasuwa shi zai fara ɗauka.

Toh akwai dabarar shuka wasu tsirrai musamman don su yi maganin wannan gubar, idan ka je jami'a ka ce fayitorimidiyeshan za su gane abin da kake nema. Tana aiki, ba ta cin kuɗi sosai, talaka zai iya da fartanyarsa da baro. Amma ana yawan zuzuta ta a intanet, wai da ka watsa iri shikenan ƙasa ta wanku, wallahi wannan zuzutawar tana iya jefa iyalin mutum cikin halaka, don haka bari in faɗi yadda ake yi da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Farko dai ka san wace irin guba ce a filinka, don komai a kan wannan yake tafiya. Akwai wadda take ruɓewa, irin baƙin mai da gas da fetur da wasu magungunan feshi. Waɗannan ba shukar ce ke cinye su kai tsaye ba, ƙananan halittu ne da ke cikin ƙasa, bakteriya da fumfuna, su ke cinye man su mayar da shi iska da ruwa, aikin saiwa shi ne ta buɗa ƙasa iska ta shiga ta kuma riƙa tsattsafo musu abinci su yawaita. Irin wannan da gaske tana raguwa har ta kusa ƙarewa. Sai kuma ƙarafa masu guba: dalma, kadmiyom, kuromiyom, zaiba, asenik, da tutiya ko tagulla idan suka yi yawa. Waɗannan kam ba sa ruɓewa har abada, ko ka ƙona su suna nan cikin toka ko hayaƙi. Abu biyu kawai shuka za ta iya da su, ko ta zuƙo su zuwa ganye da kara ka yanke ka fitar daga filin, ko ta ɗaure su a inda suke kada iska da ruwa su kwashe su kai wa mutane.

Dalma ita ce babbar matsalarmu kuma ita ce mafi taurin kai. Ka tsaya wajen mai fasa tsohon batir ka kalla, zai kifa shi ruwan batir ya tsiyaye a ƙasa, ya sa guduma ya fasa robar, ya zaro farantan nan masu launin toka, wani gari-gari yana zuba daga jikinsu, wurin ya yi fari-fari ko ciyawa ba ta fitowa, almajirinsa kuma da wannan hannun zai ɗauki rogo da ƙuli ya kai baki. Wannan garin cike yake da dalma. Akwai kuma wadda tsohon fetur ya bari a bakin manyan tituna, don sai wajen farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina fetur mai dalma, ga ta tsohon fenti, ga ta kayan lantarki da ake ƙonawa a ciri waya. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin abin da take yi ba. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, a 2015 kuma aka sake a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28. Ka lura da yadda aka gyara waɗancan ƙauyukan, har da Bagega da aka yi a 2013: ba shuka aka yi ba, kankare saman ƙasar aka yi aka kai rami na musamman aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba yaran magani. Inda dalma ta yi yawa kuma yara na rarrafe a wurin, hanyar kenan, babu lokacin jiran ciyawa ta girma.

Bari mu yi lissafi ka ga dalili. Saman ƙasar hekta ɗaya zuwa zurfin santimita 20 yana kai nauyin wajen tan 2,600. A ce gwaji ya nuna dalma miligiram 500 a kowane kilo, kenan akwai dalma kilo 1,300 kwance a wurin. A ce ka yi sa'a ka girbe busasshen ganye da kara tan 10, kuma kowane kilo ya zuƙo miligiram 100, abin da ka fitar a daminar nan kilo 1 ne tak. Kwashe tafki da ludayi kenan, jikokin jikokinka ma ba za su ga ƙarshensa ba. Amma ɗauki kadmiyom, wanda shi yana saurin shiga shuka: a ce miligiram 2 ne a kilo, duka-duka kilo 5 da ɗan ɗori a hektar, shukar kuma ta zuƙo miligiram 20 a kilo, kana fitar da giram 200 duk girbi, cikin shekara goma sha wani abu ka rage kusan rabi. Wannan kam abin yi ne. Don haka dalma ɗaure ta ake yi, kadmiyom da tutiya zuƙo su ake yi, mai kuma a sa a cinye shi.

Kafin ka taɓa iri, toshe inda gubar ke shigowa. Idan har yanzu bakanike na juye baƙin mai a kusurwar filin, ko kana ban ruwa da kwatar da marina ke zubowa, ko duk bazara kana sayen tifar shara daga bola kana bajewa a matsayin taki ba tare da ka tsince matattun batiran rediyo da fasassun kwan fitila da gwangwanayen fenti ba, toh aikin baban giwa za ka yi. Bayan nan ka katange wurin, waya ko ƙaya ko tsohon kwano, duk abin da zai hana akuya da yara shiga. Kada ka raina wannan, rabin aikin kenan, don duk abin da za ka shuka a nan kore ne shar, a garin da tumaki ke yawo sakaka kuwa ka san sauran.

Sai gwaji. Mai za ka iya gane shi da kanka: ɗebi ƙasar ka shinshina, ka zuba cikin gorar ruwa ka girgiza, idan ka ga wani maiƙo mai launi-launi ya taso sama toh akwai shi. Kana iya cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasar filin ɗaya da ƙasar gona mai kyau, ka shuka ƙwayar wake ko masara ashirin-ashirin, bayan kwana goma ka ƙirga waɗanda suka tsiro ka duba tsawonsu, idan na filin sun ƙi fitowa ko sun yi rawaya sun tsumbure ka san man ya yi yawa sai an tsarma shi tukuna. Amma fa wannan gwajin ba ya nuna dalma ko kadmiyom, sam, su sai na'ura. Alhamdu lillahi a nan Zariya ba mu da uzuri, ga sashen kimiyyar ƙasa na ABU da cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, ga cibiyar binciken makamashi ta CERT, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ka je ka tambaya wane ne ke karɓar samfur daga waje da nawa ake biya, idan kuɗin ya yi maka yawa ku haɗu ku biyar ko goma masu lambu a jere ku yi karo-karo.

Yadda ake ɗibar samfur yana da muhimmanci, don mutane da yawa a nan suke ɓata kuɗinsu. Ka bi filin a karkace kana ɗiba wuri goma zuwa goma sha biyar, daga sama zuwa zurfin kamar taƙi ɗaya, ka haɗa a bokitin roba mai tsabta, kada ka sa bokitin ƙarfe ko tsohon gwangwanin fenti don su ma za su ƙara nasu, ka cakuɗa sosai ka ɗebi kamar rabin kilo ka shanya a inuwa ka ƙulla a leda ka rubuta suna da kwanan wata. Wurin da kake zargi musamman, inda aka riƙa fasa batir ko ƙona taya, ɗebe shi daban kada ka gauraya da sauran, in ba haka ba ƙasa mai kyau za ta rufa masa asiri. Ka ce a auna maka dalma, kadmiyom, kuromiyom, tutiya da kuma tsamin ƙasa wato pH. Don ka iya karanta takardar: ƙasar da ba a ɓata ba dalmarta ba ta cika wuce miligiram 10 zuwa 50 a kilo ba, Amurka ta daɗe tana amfani da 400 a matsayin iyaka a inda yara ke wasa, a 2024 ta sauko da ma'aunin fara bincike zuwa 200. Idan naka ya shiga dubbai, ka bar maganar shuka tukuna, a kankare wurin, a sanar da hukumar muhalli ta jiha KEPA ko NESREA ta tarayya, yaran gidan kuma a kai su asibiti a auna jininsu, don hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Yanzu mu zo filin bakanike, shi ya fi daɗin aiki don kana ganin sakamako da idonka. Tun cikin Afrilu ko farkon Mayu ka tsince ƙarafa da robobi da tsofaffin filtoci, wurin da mai ya daskare ya zama kamar kwalta ka ɓamɓare shi da diga ka ware, wannan ba na shuka ba ne. Sauran ka kafce zurfin taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka ɗan yayyafa ruwa kafin ka fara saboda ƙura, ka zuba ruɓaɓɓen kashin kaji ko na shanu da yawa, kamar kashi ɗaya na taki cikin huɗu ko biyar na ƙasa, ka ƙara buntun shinkafa ko diddigar katako don ƙasar ta saki jiki. Dalilin takin shi ne halittun nan sun samu mai sun ƙoshi da shi amma ba su da sinadarin naitirojin da fosfaras da za su yi aiki, takin ne ke ba su. Duk mako biyu ka juya, ka bar ta da danshi amma kada ruwa ya kwanta, don idan iska ba ta shiga aikin tsayawa yake cak. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake gwajin gwangwani, idan wake ya fito toh lokacin dasawa ya yi. Ciyayi masu saiwa gaza-gaza su suka fi, jema, gamba, kiri-kiri, ka ɗan saka wake a tsakani don ya ƙara wa ƙasar ƙarfi, amma ba don ci ba kuma ba don harawa ba, da ya fara fure ka kafce shi ya koma ƙasa. Damina biyu zuwa uku wari yakan tafi ƙasa ta dawo da launinta idan man bai yi zurfi ba. Inda ya yi zurfi kuwa labari ne daban, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan malalar mai a ƙasar Ogoni cewa ya yi gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Kuma ka tuna tsohon baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa daga injin, don haka tafiyar wari ba ta nufin an gama, sai an auna.

Jema kam na fi son a tsaya a kanta, don a ganina ita ce ta fi dacewa da mu. Ciyawa ce da muka sani a fadamu, da ita ake zana da asabari da malafa, akwai kuma 'yar uwarta ta Indiya da Bankin Duniya ya yi ta yaɗawa tun shekarun 1980 don hana zaizayar ƙasa, saiwarta na nutsawa tsaye har mita uku ko fiye, ba ta yaɗuwa gefe ta cinye gonar maƙwabci, tana jure rani tana jure ambaliya, kuma yawancin dalmar da ta ɗauka a saiwa take tsayawa ba ta cika hawa ganye ba. Wannan shi ake nema a filin dalma. Ka tono kututture ɗaya ka rarraba shi, kowane dashe da 'ya'ya biyu ko uku, ka datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, saiwar kuma kamar tsawon yatsa, ka dasa cikin Yuni idan ruwa ya zauna, tsakanin dashe da dashe santimita 10 zuwa 15, layukan su gitta gangara ba su bi ta ba, tsakanin layi da layi rabin mita idan rufe filin duka kake so. Makonni ukun farko kada ta bushe, kuma ba ta son inuwa ko kaɗan, ka cire mata ciyawa har ta kama. Idan ta haɗe, ruwan Agusta zai zo da laka ya tarar da shinge, lakar ta tsaya ruwan ya wuce, hunturu ya zo ya tarar ba ƙasa tsirara da zai ɗaga ya kai cikin ɗakuna da kwanukan abinci. Mafi yawan dalmar da ke shiga jikin yaro ta ƙura da hannu zuwa baki take shiga, don haka rufe ƙasar nan kaɗai babban magani ne.

Kafin dashen a filin dalma ka gyara ƙasar yadda za ta ƙara riƙe ta. Ƙasar yankinmu da ma tana da ɗan tsami kuma ba ta da ruɓaɓɓen taki sosai, tsami kuwa shi ke narkar da ƙarafa su samu hanyar shiga shuka da rijiya. Garin farar ƙasa irin na noma ko tokar itace mai tsabta suna rage tsamin, takin gargajiya da garin gawayi na buntu ko totuwar masara suna kama ƙarfen, takin supa ko garin ƙashi kuma fosfet ɗin da ke cikinsu yana haɗuwa da dalma su zama wani dutse-dutse da ba ya narkewa da sauƙi. Sai dai idan gwaji ya nuna asenik kada ka zuba fosfet, shi sakin sa yake yi. Ƙasar da ruwan majemar zamani ya taɓa ita ma haka za ka yi mata, taki da yawa da jema, don ruɓaɓɓen taki yana juya kuromiyom daga nau'insa mai tsananin guba zuwa mai sauƙi. Majemar gargajiya da ke jima da bagaruwa ba ta da wannan matsalar.

Idan kuwa kadmiyom ko tutiya kake son zuƙowa, kamar a lambun da ya daɗe yana shan ruwan kwata ko takin bola, toh akasin haka za ka yi, kada ka zuba farar ƙasa ko toka don so kake ƙarfen ya shiga shukar. Nan abin da ake nema shuka mai saurin girma mai yawan kara da ganye. Rama tana yi, ka shuka ta a cunkushe ta miƙe sama, wata uku zuwa huɗu ka tumɓuke ta har saiwa tun ganyen bai fara zuba ba, don ganyen da ya zube ya mayar da abin da ya ɗauko. Zurman, wanda wasu ke cewa cika-gida, yana jure ƙasa mai wahala kuma dabbobi ba sa son sa, amma 'ya'yansa guba ne mai kisa, haka na bini-da-zugu, don haka ka riƙa cire furen idan akwai yara kusa. Sanfulawa ita ce ta yi suna a duniya, saboda bayan hatsarin nukiliya na Chernobyl na 1986 an ɗora ta a kan kududdufi saiwarta na cikin ruwa ta zuƙe sinadarai masu tururin nukiliya, amma a ruwa ne fa, da aka gwada ta a ƙasa a Fukushima ta Japan a 2011 abin da ta ɗauka kaɗan ne ƙwarai. Tana da amfani a kan kadmiyom da tutiya, ka dai yanke ta kafin ta yi ƙwaya tsuntsaye da yara su far mata. Auduga ma hanya ce ga wanda ba zai iya barin gonarsa ba kuɗin shiga ba, tunda ba ci ake yi ba, amma anguryar kada ta je wajen shanu ko matsar mai sai an auna ta. Idan kana da ruwan rani mai tsabta kana iya yin zagaye biyu a shekara ka rage tsawon jiran. Wani zai ce maka ka zuba sinadarin EDTA don ya narkar da dalma shuka ta zuƙa da yawa, dan Allah kada ka yi, yana narkar da ita ɗin amma ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai tura ta ƙasa zuwa rijiyar unguwa, an gudu ba a tsira ba kenan.

Ga wurin da hankalina ya fi tashi. Mu mutanen fate ne, rama da yakuwa da alayyahu ba sa tsayawa a fili ba a tsinka ba, baiwar Allah za ta wuce ta ga rama ta yi kyau ta ce bari in ɗan yagi na kwaɗo, ita ba ta san don me aka shuka ba. Ka gaya wa matan gidanka, ka gaya wa maƙwabta, ka gaya wa mai unguwa, ka rubuta a allo da boko da ajami ka kafa. Abin da ka girbe a irin wannan fili shara ce mai guba, ba abinci ba, ba abincin dabba ba, ba takin gona ba, ba makamashin girki ba. Kada a ƙona karan a tace ruwan toka a sa a miya, don toka ita ce ke tattara duk ƙarfen wuri guda. Kada a jiƙa ramar a kududdufi don ɓare igiya. Saiwar jemar nan kada ta shiga randa ko haɗin turare, ganyenta ma kafin a yi zana ko a ba dabba a kai a auna tukuna.

Ranar girbi ka sa safar hannu da takalmin roba da takunkumi, ka shanya a kan tamfol a cikin shingen har ya bushe ya rage yawa, ka cusa a buhu. Ƙonawa a fili ba daidai ba ne, kadmiyom da zaiba da asenik suna bin hayaƙi su shiga huhun mutane. Ka fara tambayar hukumar muhalli ko akwai inda suke karɓa, idan babu ka haƙa rami a tudu nesa da rijiya da rafi, inda ruwa ba ya kwanciya da damina, ka daɓe shi da yumɓu ka shimfiɗa leda mai kauri, ka zuba ka barbaɗa farar ƙasa ka rufe da leda da ƙasa mai kauri, ka sa alama don kada gobe wani ya haƙa rijiya a nan. Kayan aikin da tufafin a wanke su daban, kada ka shiga da takalmin cikin gida inda jariri ke rarrafe, kuma mai juna biyu da yara ba su da aiki a wannan fili ko na miƙo ruwa.

Masu lambun bakin rafi da ba su da wani ruwan sai wannan, akwai ɗan sauƙi da za a samu. Maimakon injin ya ja kai tsaye zuwa kwami, a haƙa ɗan tafki biyu a jere, ruwan ya kwana a na farko laka ta kwanta, don yawancin ƙarfen a jikin laka yake, ya tsallaka na biyu ta cikin layukan jema da kainuwa, sannan a ja na sama. Kainuwar a riƙa kwashe rabinta a kai a kai ana kaiwa ramin can, lakar ma haka, kada a watsa ta a kan kwami. Kachalla tana tace ruwa sosai amma duk wanda ya ga yadda ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru ba zai so ya kawo ta kusa da Galma da hannunsa ba.

Na san akwai wanda zai ce malam duk wannan na ji, amma iyalina da wannan ɗan filin suke miya. Toh ka raba shi, inda ya fi muni ka ba jema, abincin kuma ka yi shi a buhuna ko kwami mai tudu da ka cika da ƙasar da ka ɗebo daga wuri mai tsabta, ka shimfiɗa leda ko tsakuwa a ƙasa don saiwa kada ta kai ta asali. Idan dole sai a ƙasar, masu 'ya'ya irin tumatir da kuɓewa da tattasai da masara sun fi aminci a kan masu ganye irin latas da alayyahu da masu saiwa irin karas, a wanke sosai da ruwa mai kyau, a fere na ferewa, a zubar da ganyen waje na kabeji.

Duk ƙarshen damina, wajen Oktoba, ka sake ɗibar samfur a wuraren da ka ɗiba da farko, zurfi ɗaya, ka kai ɗakin gwaji ɗaya, ka haɗa da busasshen ganyen abin da ka shuka don ka san ko yana zuƙowa da gaske, ka ajiye takardun wuri guda. Ranar da kake ganin ƙasar ta yi, kada ka cika filin da kayan miya, yi kwami ɗaya na alayyahu ka yanka ka wanke ka kai a auna shi kansa. Ma'aunin abinci na duniya na Codex ya sa iyakar dalma a ganyen ci miligiram 0.3 a kilo, kadmiyom 0.2. Idan ya wuce, alayyahun ya bi sauran zuwa rami, filin ya koma rama ko auduga wata daminar.